Za a raba gandun kakanninmu, ina neman shawararku

Ɗan Tunga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah manya a taimaka. Muna da wata tsohuwar tunga kudu da Mirya a jihar Damagaram ta Nijar, kan hanyar da ke gangarawa wajen Korama, wadda kakan kakanmu ya sara tun zamanin Sarki Tanimun, haka muka ji daga bakin tsofaffi. Kakan kakan namu shi ya gina rijiyar da ake sha har yau, kuma kushewarsa na nan bayan gida tare da ta ƴaƴansa da jikoki. Tun daga lokacin ba a taɓa raba gonar ba, gandu ɗaya ake yi, babba ya rasu mai bi masa ya riƙe. To baffanmu na ƙarshe da ke riƙe da ita Allah ya yi masa rasuwa bayan sallar layya, yanzu magada sun taso, wasu sun ce a raba kowa ya san nasa, wasu kuma sun ce akwai wani alhaji a cikin gari da ya taya da kuɗi masu kauri zai sa foraj, wato rijiyar burtsatse, ya yi garka, a sayar masa a raba kuɗin kowa ya huta.

Ni a gidan nan aka yanke min cibi. Na tashi na tarar da rumbuna jere a bayan darni, akwai babba guda wanda ba a taɓa shi sai in shekara ta ƙi, kaka kaɗai ke da ikon cewa a buɗe. Da asuba kafin ka buɗe ido ka ji taɓarya, matan gida su uku su huɗu a turmi ɗaya suna luguden daka, mu kuma yara a tashe mu mu kora awaki, in damina ce mu bi bayan masu sungumi muna zuba iri muna takewa da dunduniya, da hantsi a kawo fura cikin ƙwarya a zauna gindin gawo kowa da ludayinsa. Yanzu ace duk wannan wuri a zagaye shi da waya, in je ziyarar kabarin ubana sai na nemi izinin mai gadi, abin ya tsaya min a rai wallahi. Amma kuma ni ina cikin gari ina ɗan aikina, ba ni ke noman ba, ban son in zama mai hana ƴan uwa haƙƙinsu. Me kuka gani?

Hajiya ta Zango:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baffa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, mu ma tamu tungar wajen Dogo haka ta tafi, yau ko iccen da aka ɗaure jakin babanmu ban iya nuna maka. Kada ku yi gaggawa, ƙasa in ta fita hannu ba ta dawowa.

Autan Sabon Gari:
Allah ya jiƙansa. Amma yaya ka yi haƙuri zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Ku nawa ne magadan? In gona tun ta kakan kaka ce ba a raba ba ai kun haura mutum hamsin ko sittin, in aka raba kowa abin da zai samu bai fi wurin shanya ba. Kuma ku da kuke cikin gari ku ne kullum masu cewa kar a sayar, wanda ke can shi ke shan rana, shi ke jiran ruwan da ba ya zuwa, in kaka ta yi kuma kowa ya aiko da buhu a cika masa. Matasan ƙauyukanmu ina suke yanzu? Suna Kano, suna Agadas, suna Libiya, wasu na nan cikin gari suna kabu-kabu. Ni a ganina a sayar, mai son babur ya saya, mai son jari ya kama sana'a.

Ɗan Tunga:
Ƙanena ban ji haushi ba. Lissafin da aka yi na farko mun kai 40 da ƴan kai, ban da waɗanda ke Najeriya da ba a gama tuntuɓa ba. Masu noman a yanzu gida huɗu ne.

Tsohon Mushe:
Salamu alaikum. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na karanta duka, bari in ɗan yi tsawo ku yi min uzuri, domin yaran yanzu suna jin gandu suna zaton girman gona ne kawai. Gandu tsari ne. Maigida shi ke riƙe da ƙasa da rumbu, ƙannensa da ƴaƴansa ko sun yi aure suna ƙarƙashinsa, a fita tare da safe a yi aikin gandu har zuwa azahar, bayan nan kowa ya wuce gamanarsa, wato ƴar gonarsa ta kansa, mata ma da tasu gamanar inda suke zuba wake da kuɓewa da yakuwa da riɗi. Shi kuma maigida akwai abin da ke wuyansa, shi zai ciyar da kowa daga rumbun gandu, shi zai biya wa kowa haraji, shi zai yi wa saurayi auren fari, shi zai sayi ragon suna. To ka ga saurayi yana da dalilin da zai sunkuya ya yi wa babansa noma.

Abin da ya warware wannan tsari mun gan shi da idonmu. Lokacin gyaɗa, wato bayan an kafa SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na Nijar, a 1962, ƙasar Magarya da Matamaye da kudancin Mirya kuɗi ya shigo hannun mutane, yaro ya ga gamanarsa kaɗai za ta iya saya masa keke da rediyo. Sai fari ya zo na 1973 da 1974, bayansa cuta ta faɗa wa gyaɗa, maigida ya kasa biyan abin da ke kansa, samari suka fara cin rani da gaske suna neman kuɗin aurensu da kansu. Wanda ya yi wa kansa aure da guminsa kuwa ba ka ce masa ya fito gandu da asuba. Ga kuma yawan jama'a, a da ana barin gona ta huta shekaru ta zama saura, yanzu a kudancin jihar nan ina ka ga saura? Kowace shekara ƙasa ɗaya ake bugu.

Saboda haka Ɗan Tunga, in har naku ya kai bana bai watse ba, ku gode wa Allah ku gode wa baffanku, ba ƙaramin mutum ba ne. Amma ka sani abin da kake kewa, mutanen ne da tukunya ɗaya. Ka tambayi kanka ko a cikinku akwai wanda zai iya ɗaukar nauyin da baffa ya ɗauka kuma sauran su yarda da shi. In akwai, gandu na da sauran kwana. In babu, rabo ya zama dole, sai dai a nemi yadda za a yi shi ba tare da ƙasar ta bar dangi ba.

Jikar Sarkin Noma:
Mushe Allah ya ƙara lafiya, kun faɗi gaskiya amma akwai ɓangaren da maza ba su cika tunawa ba. Ni ma a irin wannan gida na tashi, kakana sai da ya yi dubu aka naɗa shi sarkin noma, makaɗa suka kwana suna gangar noma a ƙofar gida, har yau ana ba da labarin. To amma wa ya sussuka damman nan? Wa ya yi shiƙa, wa ya yi surfe, wa ya ja wasaki a rijiya mai gaba ashirin tun kafin gari ya waye har tafin hannu ya yi kanta? Innata da kishiyoyinta ne da mu ƴan mata. Ni an sa ni lakwal, shekara biyu aka cire ni saboda ba mai kai fura gona. Ina son gidanmu har cikin raina, daren farin wata da muke gaɗa a dandali da tatsuniyar kaka ba abin da zai maye min su, amma in ana yabon gandu a riƙa tunawa da wuyan da ya ɗauki tulu. Kuma abin da ya fi min ciwo, ranar da aka zo rabo aka ce mata ba su gadon gona, wai za mu kai ta gidan wani, aka ba mu dami bibbiyu aka sallame mu. Ɗan Tunga don girman Allah in za ku zauna ku kira gwaggwanninku da ƴan uwanku mata, kada a yanke komi a bayan idonsu.

Hajiya ta Zango:
Wallahi ƴata kin faɗa. Mu ma haka aka yi mana, muka yi shiru don kunya.

Malam na Birni:
Bismillah. Maganar da baiwar Allah nan ta yi ita ce shari'a. Cikin Suratun Nisa'i Allah da kansa ya raba gado, namiji rabon mata biyu, matar mamaci tumuni in akwai ƴaƴa, kuma bai ware gona ya ce ta maza ce ba. Hana mace gadon ƙasa al'ada ce, ba addini ba. Na biyu, jinkirta rabo har gado ya hau kan gado, kaka ya rasu ba a raba ba, ɗa ya rasu ba a raba ba, shi ke kawo rigimar da muke gani kullum a gaban alƙali, sai an koma an bi mamatan ɗaya bayan ɗaya kafin a san rabon kowa, kuma a ciki akwai marayu. Wanda ya nemi a fitar masa da haƙƙinsa ba a hana shi don ana son tarihi.

Amma ga inda sauƙi yake Ɗan Tunga. Sanin rabo daban, yanka ƙasa daban, sayarwa ga bare kuma daban. Ana iya lissafa wa kowa kasonsa a rubuta, sannan waɗanda suka yarda su bar nasu a haɗe a ci gaba da nomawa. Wanda kuma ya matsu yana son kuɗi, a mazhabarmu ta Malikiyya akwai shuf'a, wato abokin tarayya a ƙasar da ba a riga an raba ba shi ya fi cancanta ya saye kason ɗan uwansa a kan kuɗin da baren ya taya. To ku na cikin gari masu albashi da masu kasuwa, in da gaske kuke son wurin, ga ƙofa nan, ku haɗa kuɗi ku fanshi kason masu son fita.

Autan Sabon Gari:
To Malam wannan na yarda da shi. Mai so ya sa hannu a aljihu. Abin da ban so shi ne a bar talaka da gadin tarihi alhali yaransa ba su da na magani.

Ɗan Korama:
Ni tambayata guda ce, gawo nawa ke cikin gonar? Don wanda bai yi noma ba bai san abin da ake nufi da tsohuwar gona mai gawo ba. Iccen nan da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ya yi kore dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin ƴaƴan suna zuba taki, shi ya sa geron gindin gawo kullum ya fi na fili tsawo da kauri, ka je ka duba zangarniyar ka gani. Tsofaffi suna cewa a zamanin sarakunan Damagaram, musamman Tanimun wanda ya gina ganuwar Birni, doka ce mai tsanani a kan saran gawo, mutum bai isa ya ɗora masa gatari ba. Kuma bayan yunwar 1984 mutanenmu na Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin ƴan tsiron da ke fitowa cikin gona suna sassabe su suna gyarawa maimakon su tumɓuke, har yanzu baƙi daga ƙasashen waje na zuwa kallon yadda itatuwa suka dawo. To mai foraj in ya saya abin da zai fara yi shi ne ya share fili don ya ja layin tiyo. Icce da ya shekara ɗari, yini guda ya ishe shi.

Ɗan Tunga:
Manya-manya sun fi talatin, ban da ƙanana da baffa ya raina. Akwai kuka biyu a bakin gida da tsamiya guda a kan rijiya, sai goruba can wajen fadama. Kukar nan ita ke ba gidan miya shekara da shekaru, kuma a kogon babbar zuma ke zama, wani ƙanen kakanmu shi ke shiga da hayaƙi da dare ya ɗebo, mu yara muna nesa muna jiran a miƙo mana saƙa.

Da kuka ambaci 84, ita ce shekarar da aka buɗe babban rumbun da na faɗa muku. Ina yaro amma ban manta ba. Hatsi ya bushe tun bai yi ciki ba, ga gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya, shi ya sa ma ake ce wa yunwar El Buhari. Mutanen arewa daga wajen Damargu suka riƙa gangarowa da ƴan ragowar dabbobinsu, wasu suka sauka a bayan darninmu. Kaka ya sa aka cire jinkar rumbun, geron ciki har ya yi ja don daɗewa, kullum da safe shi da kansa yake auna tiya ya ba matan gida, kuma ya ce a riƙa ƙara ruwa a kunu don baƙin nan su samu. Gwaggwanninmu na shiga daji su ɗebo anza a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, da tafasa da jiga. An rame ƙwarai amma ba mu binne kowa saboda yunwa ba, kuma ba wanda ya watse. Kaka yana cewa shi ma babansa ya ba shi labarin yunwar Kakalaba ta 1914, wai tun daga ita gidanmu ya ɗauki al'adar ajiye rumbun da ba a taɓawa.

Bafulatanin Gidimuni:
Allah sarki, Allah ya jiƙan wannan tsoho. Mu ta ɓangarenmu irin gidajen nan muke nema in kaka ta wuce. Babana yana da maigidan da yake sauka wa kowace shekara, a saki gona mu shiga da shanu mu kwana wata guda ko fi suna cin kara suna zuba taki, matanmu su kai nono a ba su gero, ranar tashi a ba Baba dami. Ba takarda ba shaida, amana ce kawai da aka gada. Yanzu kara ma tattarawa ake a sayar, burtali kuma an cinye shi da noma, shi ya sa faɗa ya yi yawa. Ɗan Tunga in akwai burtali da ya ratsa ta gefenku ko mashaya a rijiyar, ku sa shi cikin maganar tun yanzu, don waya in ta zagaye ba ta san wannan ba.

Tsohon Mushe:
Akwai wata magana mai nauyi da ban ga an taɓo ba, kuma gara a faɗe ta. Tsofaffin gandaye na zamanin sarauta da yawansu ba iyalan mai gida kaɗai suka sare su ba, akwai mutanen da aka ajiye suna noma a ƙarƙashinsu, wannan tarihi ne sananne a Damagaram. Jikokinsu da dama suna nan gefen tungayen, suna noma wani yanki da sunan aro tun kakanni, an zama ƴan uwa an yi auratayya. Ko a zamanin shugaban ƙasa Kunce sai da gwamnati ta yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce, abin ya tada ƙura a wurare da yawa. Ban san yadda naku yake ba, amma in akwai irin waɗannan gidaje, ranar da aka sayar su ne za su fara kwana a fili.

Ɗan Tunga:
Mushe akwai gida biyu. Ɗaya daga cikinsu tsohuwar gidan ita ta yi wa mahaifiyata unguwarzoma, ita ta yi mata wankan jego, Inna muke ce mata. Duk shekara suna kawo dami ɗaya gidan baffa don shaidar aro. A zaman farko da aka yi ba wanda ya ambace su, ni kuwa ba zan sa hannu a takardar da za ta tashe su ba ko nawa aka taya.

Mai aikin ƙasa:
Salam. Ni na ɗan yi aiki kusa da harkar filaye, bari in ƙara a kan ta Malam. Tun 1993 Nijar ke da dokar filayen karkara da ake kira Kod Rural, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa, akwai na gari wanda maigari ke shugabanta, akwai na komin, akwai na departama, su ake ce wa Kofo. Dokar ta amince da mallakar gargajiya, ba sai kana da takardar Nasara ba. Abin da za ku yi, ku fara zuwa wajen maigari, a kira maƙwabtan gona na kowace kusurwa, a taka iyaka da ƙafa a gaban shaidu, a ba ku takardar shaidar mallaka ta gado. Aro ma ana rubuta shi, jingina ma haka, saboda haka gidajen nan biyu ana iya yi musu takarda, ko ku bar musu kyauta in magada sun yarda a rubuta kyauta ce. Maƙabarta da rijiya da burtali ku nemi a fitar da su daga abin rabo tun farko a rubuta na kowa da kowa ne. Kuma ina roƙonku kada wani ya karɓi ko dala ta alhajin nan da sunan kafin alƙalami kafin a gama wannan, don da zarar mutum ɗaya ya ci kuɗi magana ta lalace, na ga dangin da suka shekara suna hawa da sauka a kan haka har ba sa gaisawa.

Jikar Sarkin Noma:
A rubuta sunayen matan a takardar, ba a ce "magadan wane" kawai ba. Da haka ake shafe mu.

Mai aikin ƙasa:
Haka ne Jikar Sarkin Noma, suna bayan suna, kuma kowa ya riƙe kofi nasa.

Autan Sabon Gari:
Yaya ni dai ina nan kan bakata ta wani ɓangare, ku tambayi gida huɗun nan da ke noman me su suke so kafin ku na gari ku yanke. Wataƙila su ma foraj ɗin suke so su yi rani da albasa da tumatir, sai ku haɗa musu maimakon bare ya zo ya yi.

Ɗan Tunga:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na kira babban yayanmu na karanta masa abin da kuka rubuta, ya ce ba za a ba alhajin amsa ba sai bayan girbi, in an ɗaure dammai kowa ya zo a zauna a zauren baffa har da mata. Mu huɗu da ke cikin gari mun yi magana za mu fara tara abin da ya sawwaƙa don fansar kason masu son fita, mutum biyu ne dai suka nace a kan kuɗi kuma ɗayan rashin lafiyar matarsa ce ta matsa masa, wannan za mu duba shi tun kafin zaman. Auta maganar foraj ɗinka ma zan kai ta. Abin da ya rage mai wuya shi ne iyakar gabas, gambar da aka dasa ta shaida shanu sun cinye ta tuntuni, maƙwabcin da suka yi iyakar da baffa shi ma ya rasu.

Hajiya ta Zango:
Ba ku da wata tsohuwa da ta yi kai fura gonar tana yarinya? Su suka fi kowa sanin iyaka, don kullum da ƙafa suke bin ta.

Ɗan Tunga:
Akwai gwaggonmu da ke aure a Magarya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau. In sha Allah ranar Lahadi zan je in gaishe ta in ji ko za ta iya tafiyar, in ta yarda sai mu nemi mota mu kawo ta har tunga, daga bakin gida zuwa gabas ɗin kuma a ɗora ta a amalanke.